Jif Ɗin Yaya Da Tsohon Bajamushen Da Ya Rufe Mini Fayil

Tun bayan ƙaramar Sallah Yaya ya tasa ni gaba da maganar mota. Duk ranar da na tashi daga aiki sai na tarar da saƙon murya a WhatsApp, wani har minti huɗu, zancen kuma bai wuce guda ba: jif yake so, babba, baƙa, irin wadda idan ya karyo kwanar layin ɗaurin aure za a dare masa ba sai ya taɓa hon ba. Kuma lallai mai shan gas, wato dizal. A majalisarsu ta bayan la'asar aka tabbatar masa injin gas ba ya mutuwa, wai ya dubi tirelolin da ke lodi a Dawanau su tafi Legas su dawo shekara da shekaru. Ni ma ban yi musu ba, don a nan Jamus yawancin manyan jif-jif na hannu masu dizal ne, kuma a gidajen mansu galibi dizal ya fi fetur sauƙi saboda harajin da ke kansa bai kai na fetur ba.

Wata Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari kusa da Essen, inda na ga tallar wata Range Rover ƙirar 2017, injin dizal V8 mai lita 4.4. Baƙa wuluk, kujerun fata, ko ƙwarzane babu. Tun daga bakin ƙofa na ɗauki hoto na tura gida, kafin na ƙarasa ofis Yaya ya turo "Masha Allah" har sau uku.

Mai wurin wani tsoho ne mai furfura, farcensa duk baƙin mai. Ya ba ni kofi, ya jawo wani fayil mai kaurin bulo ya buɗe a gabana. Duk juyen da aka taɓa yi wa motar yana ciki, da ranar, da adadin kilomitar da take a lokacin, da hatimin garejin. Ga rasit ɗin tayoyi, ga na birki, ga takardun TÜV, wato binciken lafiyar mota, wanda doka ta wajabta wa kowace mota duk shekara biyu. Har wani ƙaramin karo da aka yi da ita a wurin fakin yana rubuce, da hoton wurin kafin fenti. Ina juya takardun ina tuna dillalanmu na gida, waɗanda kowace mota a bakinsu wata Hajiya ce ke hawa, ba ta zuwa ko'ina sai asibiti da gidan suna.

Muna cikin haka ya tambaye ni inda motar za ta zauna. Na ce Kano, arewacin Najeriya. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan fayil ɗin ya rufe shi a hankali, kamar mai rufe littafi bayan an tashi daga karatu.

Ya ce, yayan naka kilomita nawa yake yi a rana? Na lissafa a raina: daga Sharaɗa zuwa Kantin Kwari, a dawo, a je masallaci, a kai yara Islamiyya. Duka cikin cunkoso, a bayan a-daidaita-sahu, ga kuma rabin awar da mota za ta yi a kunne a ƙofar gida don sanyin iyakwandishan ya kama kafin Alhaji ya fito. Na faɗa masa. Ya kai ni ƙarƙashin motar ya nuna mini wata tukunyar ƙarfe a jikin salansa, wadda suke kira DPF. Ita ke tare baƙin hayaƙi. Idan ta cika, sai injin ya ƙona abin da ta tara da zafin da ya kai wajen digiri 600, kuma hakan yana son a miƙe a kan titi a yi gudu na ɗan lokaci ba tsayawa. Motar da kullum tafiyarta taku biyu a taka birki ba ta samun wannan damar. Tukunyar ta toshe, fitila ta kama, mota ta rage ƙarfinta da kanta, ka ga jif mai silinda takwas ana wuce ta da Keke.

Ya ce, to man naku fa, farar wuta nawa ce a cikinsa? Nasu tun 2009 doka ta ce kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma a kan wannan man aka ƙera injin. Nozul ɗinsa yana fesa mai da ƙarfin da ya kai wajen "bar" 2,000 a ma'aunin matsi, ta ramuka masu sirantaka kamar gashi. Ɗigon ruwa ko ƙura ko kananzir ya isa ya ci famfon da nozul ɗin gaba ɗaya. Nan na yi shiru. Ni da na girma ina ganin 'yan bumburutu suna tace mai da tsumma a bakin mazurari, me zan ce?

Sannan ya nuna mini wani murfi daban, na wani tanki daban. Wannan na AdBlue ne, ruwa ne tatacce da aka narkar da yuriya a ciki, kashi 32.5 cikin 100. E, yuriyar da kuka sani ta takin masara, sai dai tsarkakakkiya. Ana fesa shi a cikin salansa don ya kashe gubar hayaƙi. Idan ya ƙare, motar za ta yi ta gargaɗi, daga nan ran da ka kashe ta ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Babu turi, babu haɗa waya.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne da ya juya wajen yaronsa, wani saurayi mai koyon aiki, ya ce da Jamusanci, yana sane sarai ina ji: "Wata shida na ba ta. Za su sare tukunyar su jefar, su liƙe fitilar da baƙin salatif." Yaron ya ƙyalƙyale da dariya.

Wallahi sai da kunnuwana suka ɗauki zafi. Shekarata takwas a ƙasar nan, an sha yi mini kallon banza a jirgi da ofisoshi, ban taɓa jin abin da na ji a garejin nan ba, don wannan karon gari guda aka zaga a fuskata. Kuma abin haushin, da idona na ga an yi abin da ya faɗa. Zuwana gida na ƙarshe na raka wani abokina gareji a wajen Ƙofar Ruwa. Motarsa tana ɗan shaƙewa, bakaniken ko kwamfuta bai jona ba ya ce ai indomi ce ta toshe, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Aka kwance salansa, aka sa rodi aka farfasa abin nan mai kama da saƙar zuma, aka zazzage shi a buhu, wani yaro yana tsaye yana jiran ya saya. Aka cire tamostat aka wurgar, wai na ƙasar sanyi ne, aka haɗa fanka kai tsaye. Baƙin man da aka juye mata daga wani durom marar suna aka ɗebo, bakaniken ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya ce mai kyau ne. Da fitilar inji ta ƙi mutuwa sai ya ce, "Alhaji, ai haka take, ado ce." Mu duka muka yi dariya, har da ni. Muna sayen motar miliyoyi, amma kuɗin juye a kan lokaci sai ya zama kamar za a yanke mana yatsa. Kuma ko takarda ɗaya ba ma ajiyewa. Ka tambayi mai mota yaushe rabonsa da juye, sai ya ce tun kafin azumi, ko bayan azumi ne ma.

Ban bar shi ya tafi da ita haka ba dai. Na ce masa, ranka ya daɗe, man nan da kake zagi daga ina kake jin ake kawo mana shi? A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta bankaɗo yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai na musamman mai yawan farar wuta don Afirka ta Yamma, ana lodinsa a tashoshin ruwan Amsterdam da Rotterdam na Holan da Antwerp ta Beljiyam, a lokacin da dokarmu ta yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan. A Fabrairun 2022 ma gurɓataccen fetur ɗin nan mai sinadarin metanol, wanda ya kashe injinan mutane ya jefa ƙasar cikin dogon layi, daga Antwerp aka ɗauko shi, tashar da ita wannan motar za ta hau jirgi. Sai a 2023 Holan ta hana fitar da irin wannan man, Beljiyam ta biyo baya a 2024. Na ƙara masa da cewa yanzu matatar Ɗangote tana fitar da dizal tun farkon 2024. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai ya ce na yi gaskiya, abin kunya ne a gare su. Sai ya ce amma injin bai san wa ke da laifi ba.

Na ɗauka daga nan za mu rabu baram-baram. Sai ga shi ya sake zuba mini kofi, ya ɗauko biro da takarda. Mutumin da zai iya karɓar kuɗina ya sa ni in sa hannu a takardar fitarwa waje, shi ne ya zauna kusan awa guda yana rushe cinikin kansa. Ya ce fa'idar dizal gaskiya ce: jif mai fetur za ta fi shan mai da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wajen ja da hawan tudu dizal ya fi. Ya tambaye ni wanne ya fi tsada a wurinmu. Na ce gas, ko bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 galibi shi ne a sama. Ya ja layi a kan takardar. Ribar da ake hange ta zagwanye tun a bakin famfo, saura kuma ranar da nozul takwas za su nemi canji.

Da na dawo gida na zauna da lissafin, sai na ga wani abin da shi bai ma sani ba. Jif-jif ɗin da suka cika Kano, su Lexus LX 570 da GX 460 da Land Cruiser da Prado, yawancinsu daga Amurka da Dubai suka fito, masu fetur ne. Su bakanikenmu ya buɗe ya rufe har ya haddace, kayansu kuma ana samu a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a yini guda. Ran da Yaya zai gaji da mota ya ce a kai ta wurin dillalai, mai fetur ce za ta tashi da wuri. Wanda dizal zai yi wa rana shi ne mai zirga-zirgar Kano zuwa Abuja duk mako, ko mai gona a Doguwa da ke jan kaya a kan burji, shi ma gara ya nemi tsohon zubi irin Land Cruiser 70 mai injin lita 4.2 da ƙungiyoyin agaji ke shiga daji da ita. Amma wannan ba ta da kujerar fata, ba za a dare mata a wurin ɗaurin aure ba. Arahar masu dizal a nan ma da dalilinta. Tun badaƙalar hayaƙin dizal ta 2015, lokacin da aka kama kamfanin Volkswagen yana maguɗin gwajin hayaƙi, birane suka fara korar tsofaffinsu, Hamburg ta rufe musu wasu tituna a 2018, Stuttgart ta bi a 2019. Abin da suke neman kai da shi, shi muke rububi. Araha dai ba ta ado.

Kada ku ɗauka nan ɗin aljanna ce. Motata ƙarama ta taɓa yin ƙara a ƙafar gaba, da na kira gareji sai aka ba ni rana bayan mako uku, kuma awa ɗaya ta aikin hannu ta haura yuro 100, ko ƙusa ba a saya ba tukuna. Ran Lahadi kuwa ko tayarka ce ta sace sai dai ka kira motar ja. Ka mace a kan titi, mutane za su wuce ka kamar turken lantarki. A Kano mota ta taɓa mace mini a shataletalen Dangi da tsakar rana, kafin na buɗe ƙofa mutum biyar sun dafa ta, wani ya hau babur ya ɗauko bakanike, ni kuwa ina gindin bishiya ana yanka mini gurasa da ƙuli. Yaron da ya gyara ta bai kai shekara ashirin ba, kunnensa kawai ya kara a jikin injin. Da za a ba irin yaran nan kwamfuta da littafin kamfani, da tsohon nan bai samu abin faɗa wa yaronsa ba. Daren nan da ƙyar na yi barci, ƙamshin gurasar kawai nake ji.

Washegari na kira Yaya ta bidiyo, na same shi a majalisa. Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga tukunya har takin yuriya, na ce irin motar da ta dace da shi ma ba a cika samunta a nan ba, LX 570 ko sayar da ita kamfanin bai yi a Jamus ba, gara mu nemi wanda zai duba mana a Amurka ko Dubai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Auta, yanzu Bature ne zai zaɓa mini motar da zan hau a garinmu?" Ina jiyo wani daga gefe yana cewa ai duk wayo ne, so suke su riƙe masu kyau. Wani kuma ya ce shi ya san yaron da zai cire tukunyar a dubu ashirin. Na ce Yaya, ka yi haƙuri, kuɗinka ne, amma ni hannuna ba zai biya wannan ba. Ya kashe wayar ko sallama babu.

Kwana biyu bai neme ni ba. A na uku ina fitowa daga aiki na ga saƙon murya, daƙiƙa shida kacal: "To ita mai fetur ɗin, a tabbata baƙa ce."