Man kaɗanya da ƙaiƙayin dare ga masu wankin ƙoda: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Cikin abubuwan da ke hana mai wankin ƙoda barci, ƙaiƙayi yana cikin na kan gaba. Yana tsananta da dare, musamman a baya da hannuwa, kuma hunturun Damagaram yana ƙara masa ƙarfi, don fatar mai ciwon ƙoda dama a bushe take. Shi ya sa iyalai da yawa ke sayen man kaɗanya a Kasuwar Dole. A ganinmu ya cancanci kuɗinsa, in an san iyakarsa.

A nemi tsantsarsa, wanda ba turare, mai narkewa da zarar an murza shi a tafin hannu. Wanda ya fara warin tsufa ko aka haɗa da man bilicin, a bar wa mai shi. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a dirje jiki da soso, a tsane da tawul, sannan a shafa tun fata na da danshi, safe da dare. Nan ne mutane ke kuskure: man yana riƙe ruwan da ya tarar ne, in fata ta riga ta bushe ƙayau sai maiƙo kawai. A yanke farce kuma.

Kada man ya kusanci wurin huda allura a hannun fistula (jijiyar da aka yi wa aiki don wankin) ranar wanki, filasta ba za ta kama ba. Mai katita (robar da aka saka a jijiya don wankin) a wuya ko ƙirji ya nisanta shi da bandejin gaba ɗaya, saboda ƙwayoyin cuta. Aibinsa kuwa bazara: a zafin Afirilu da Mayu yana narkewa, jiki ya yi danƙo, don haka a rage yawansa.

In an yi mako biyu ana shafawa ba sauƙi, mai yiwuwa matsalar tana cikin jini. Sau da yawa sinadarin fosfor ne ya taru, daga nono, madara, gyaɗa da baƙin lemon kwalba, ko kuwa wankin bai isa ba. Ƙa'idar wankin awa 4 ce sau 3 a mako. Maganin rage fosfor tare da abinci ake shan sa, in aka sha shi ciki ba komai bai yi aikinsa ba.

Haka nan wanda ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya in ya kwanta, a duba masa sinadarin ƙarfe (ayon) da ke cikin jininsa. Wanda numfashi ke tashe shi sai ya zauna, ruwa ne ya yi yawa, gishiri da magi da kanwa na jawo shi, kuma wannan ba a jira ranar wanki, a kai shi asibiti. Ku faɗa wa likita batun barcin ko bai tambaya ba. Akwai magungunan ƙaiƙayi, amma kada a sayo maganin barci a tebur, don wasu taruwa suke a jinin wanda ƙodarsa ba ta tacewa.