Shagon shayin Somaliyawa a Karmel Mall, Miniyafolis

Duk wanda ya zo jihar Minnesota ta Amurka bai leƙa Karmel Mall ba to gaskiya bai ga Somaliyawa ba tukuna. Kasuwa ce sukutum a cikin gini kusa da titin Lake, masu abaya da turare da masu aika kuɗi gida, ga masallaci a sama. Akwai wani ɗan shagon abinci a ciki da nake zuwa, shi nake so in yi magana a kai.

Abinci kam ba a magana. Shinkafa da naman akuya, su ajiye maka ayaba a gefe, kar ka barta sai ƙarshe, haɗa ta da shinkafar a loma ɗaya ka ji. Sambusa da zafinta, yajinsu kore mai kama harshe. Shayin na madara ne da citta da kirfa da kanumfari, sai dai sukari yana yi musu yawa, ka ce a rage tun kafin a zuba. Kuɗin daidai aljihun ɗalibi. Wurin zama ne matsala, bayan sallar Juma'a ko tsayuwa da ƙyar.

Amma ni abin da ke maido ni wurin samarin da ke zama a shagon ne. Da yawansu a sansanin Dadaab ko Kakuma a Kenya aka haife su, iyayen sun gudo bayan gwamnatin Siad Barre ta Somaliya ta faɗi a 1991, wasu ko Mogadishu ba su taɓa gani ba amma duk wata sai sun tura kuɗi, yaro yana makaranta da rana da dare yana sito ko yana tuƙi, ga sanyin da ke hana mutum fita wata da watanni, ga uwa a gida da har yanzu ba ta barci saboda abin da idonta ya gani. Kuma a wurinsu kamar mu ne, ka ce za ka ga likitan ƙwaƙwalwa a ce ka haukace.

To nan suke sauke nauyin. Musun ƙwallo, musun siyasa, wannan ya nema wa wancan aiki, wani ya cika wa sabon zuwa takardu. Dattijon da ke shagon in kwana biyu bai ga yaro ba sai ya sa an kira shi, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma suna da abin nunawa, Ilhan Omar, 'yar Somaliya, ita ma a sansanin gudun hijira ta yi shekara 4 kafin su zo, a 2018 mutanen garin nan suka tura ta majalisar wakilan Amurka.

Shayi dai ba zai warkar da wanda abin ya yi wa nisa ba, wannan sai asibiti, kuma da ma a ce dattawan suna faɗa musu haka a fili. Sannan 'yan mata ba ka cika ganinsu zaune a nan ba, sai dai su saya su wuce, alhali su ma nauyin nan yana kansu.

In za ka je, je ranar aiki bayan la'asar, lokacin ake samun kujera.