Za ka koma zane bayan shekaru? Duba tsohon akwatinka kafin ka sayi sabon fenti

Wanda ya ajiye zane shekara biyar ko goma, ranar da sha'awar ta motsa masa, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya sayi babban saiti mai kala arba'in da takwas. Ba ma ba da wannan shawarar. Ido bai manta komai ba, ƙila ma ya ƙara wayewa, amma hannu ya yi sanyi, kuma ba ya dawowa sai an ɓata takarda mai yawa. Kaya masu tsada kuwa tsoron ɓatawa suke sa wa mutum. Tambaya biyu ce ya kamata ta yi maka jagora wajen saye: minti nawa kake samu a zama ɗaya, kuma ina za ka ajiye aikin kafin ya bushe?

Fara da abin da kake da shi. Fensir da gawayin zane ba sa tsufa, fiƙewa kawai suke so. Fentin ruwa ma da wuya ya mutu, domin ƙaro ne ke riƙe garin launinsa, ƙaro kuwa yana sake narkewa da ruwa ko da ya shekara yana bushe. Idan ya daskare a cikin bututu, tsaga bututun da reza, ka ɗiga masa ruwa biyu ko uku, ka ba shi minti biyar, zai yi aiki. Akirilik, wato fenti mai roba da ake damawa da ruwa, ba haka yake ba. Da zarar ruwan cikinsa ya fita, robar da ke riƙe launin ta haɗe ke nan, ba ta komawa. In ka matsa ya fito gudaji-gudaji, ko yana jan jiki kamar danƙo, ko yana warin ruɓa, yar da shi. Fentin mai ya fi su haƙuri. Sau da yawa man ne kawai ya rabu ya taru a baki, sai ka matsa a kan takarda ta tsotse rarar, sannan ka cakuɗa sauran. Murfin da ya kafe kuma kada ka murɗe shi da filaya, bututun zai lanƙwashe ya fashe a kafaɗa. Tsoma bakin a ruwan zafi na minti ɗaya, zai saki.

Buroshi gwajinsa mai sauƙi ne: jiƙa shi, ka karkaɗe. In gashin ya haɗu ya yi tsini, yana da sauran rai. In ya rabu baki biyu, busasshen fenti ne a gindin gashin, inda ƙarfe ya riƙe shi, kuma wannan ba ya ƙara ba da siririn layi.

Takarda ce ta fi yaudarar masu dawowa. Takardar fentin ruwa ana sa mata wani siririn gam, galibi jelatin, don ruwa ya tsaya a samanta na ɗan lokaci kafin ya shige. In ta daɗe a wuri mai laima, gam ɗin yana lalacewa, ko da ido na ganinta fara tas. Sai mutum ya shafa fenti ya ga ya yi dabbare-dabbare, ya ɗauka hannunsa ne ya lalace. Shafa mata ruwa zalla da buroshi mai faɗi. In wani wuri ya shanye nan take ya yi duhu, wani wuri bai sha ba, mayar da ita ta fensir.

Bayan wannan tantancewar ne za ka zaɓi hanya.

In minti goma sha biyar zuwa ashirin kake samu, fensir ne naka, kuma guda uku sun isa: HB na zana ƙashin hoto, 2B na yawancin aikin, 6B na inuwa mai duhu. Harafin H alamar tauri ce, B alamar laushi da baƙi. Faber-Castell 9000 da Staedtler Mars Lumograph duk amintattu ne. Haɗa da magogi mai laushi irin wanda ake murzawa a hannu, domin yana ɗaga duhu ba tare da ya kankare takarda ba, da ƙaramin littafin zane girman A5. Aibin fensir shi ne in aka danna shi sosai yakan yi ƙyalli maimakon baƙi. Mai son baƙi na gaske sai ya ƙara gawayi.

Fentin ruwa ba ya cin wuri, kuma wanke kayansa bai wuce minti biyu ba, shi ya sa mutane ke rububinsa. Amma a sani, shi ne mafi ƙarancin yafe kuskure. Ana gani ta cikinsa, farin hoton farin takarda ne, inda ka rufe ka rufe. A nan kuɗinka ya tafi ga takarda kafin fenti. Nemi mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ana rubuta shi 300 gsm a bangon. Wadda ba ta kai 200 ba tana kumbura ta yi tudu da kwari, fenti ya gangara ya taru a kwarin, ya bushe da baƙin zobe. Sai kuma abin da aka yi ta da shi. Ta auduga zalla, irin Arches, tana riƙe danshi daidai ko'ina, ta ba ka lokacin haɗa launi da launi a kanta, kuma tana ɗaukar shafi uku ko huɗu. Ta niƙaƙƙen itace, irin Canson XL, ta fi araha, amma tana bushewa da sauri ba daidai ba, kuma shafi na biyu yakan tayar da na farko. Ka sayi duka biyun: ta itace don motsa hannu, ta auduga babban falle ɗaya mai santimita 56 da 76, ka yanka shi takwas, kowane 19 da 28. Ƙaramin yanki ba ya ba da tsoro. Mai ɗan kaushi da aka rubuta wa cold press ta fi sauƙin sarrafawa a kan mai santsi, wato hot press.

Fentin guwash ne muka fi ba mai dawowa shawara a kai, kuma ba a cika ambatonsa ba. Shi ma ƙaro ne ke riƙe shi, da ruwa ake aikinsa, amma yana rufe abin da ke ƙasa, don haka kana iya ɗora haske a kan duhu ka gyara kuskure. Abin da ya bushe a faranti gobe ma zai narke. Halayensa uku ne sai an saba: launi mai haske yakan ɗan yi duhu in ya bushe, mai duhu ya ɗan yi haske, in an yi masa kauri yana tsattsagewa, in ka yi ta goga buroshi a wuri ɗaya, shafin ƙasa zai taso ya gurɓata na sama. Dama shi ya yi kauri kamar madara mai kauri, ka shafa sau ɗaya ka ɗaga hannu.

Akirilik na mai son zane a kan kambas, wato yadi mai kauri, ko katako ne. Siririn shafi yana bushewa cikin minti goma zuwa ashirin, kuma ruwa ba ya ƙara taɓa shi. Saurin nan ne amfaninsa, shi ne kuma matsalarsa. Yana yin duhu in ya bushe, saboda robar cikinsa fara ce tun tana jiƙe, sai ta washe daga baya. Don kada ya bushe a faranti, shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a cikin roba mai murfi, ka ɗora takardar gasa burodi mara shan maiƙo a kai, ka matsa fentin a nan. Buroshi kuma a wanke da sabulu har gindi a kowane zama.

Fentin mai ya fi kowa daɗin haɗa launi, sai dai yana son wuri. Ba ƙafewa yake yi ba, man ne ke haɗuwa da iska ya taurare, abin da ke ɗaukar kwana biyu zuwa mako biyu, kuma ba a shafa masa banish na gargajiya, wato shafin ƙarshe mai kare hoton, sai bayan wata shida. Shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama mai yawan mai, in aka juya saman zai tsage. Tafentain, ruwan da ake tsinka fentin mai da wanke buroshi da shi, na buƙatar ɗaki mai iska. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi, kada a dunƙule shi a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi cikin ruwa a gwangwani mai murfi. Wanda ɗaki ɗaya ne wurin kwanansa da wurin aikinsa, ya duba irin fentin mai da ake wankewa da ruwa, kamar Artisan na Winsor & Newton.

Ko wanne ka zaɓa, za ka tarar da aji biyu: na ɗalibai da na ƙwararru, misali Cotman da Professional a kamfani ɗaya. Na ɗalibai garin launinsa kaɗan ne, ciko ya yi yawa, amma ya isa watannin farko. Abin da ya fi ajin muhimmanci shi ne ƙananan haruffan da ke jikin bututu. Sunan kala na canzawa daga kamfani zuwa kamfani, lambar garin launin ba ta canzawa. Zaɓi mai lamba ɗaya tak. Bututun da ke da lamba uku, in ka haɗa shi da wani mai uku, launi shida ka cakuɗa, abin da ke fitowa kuwa ruwan taɓo ne. Kalmar hue tana nufin an kwaikwayi launin da wani gari daban. Ba laifi ba ne, musamman a madadin launin kadmiyom, wani ƙarfe da ke da guba in an shaƙi ƙurarsa ko an sa buroshi a baki. Duba kuma alamar jure haske: nemi I ko II a ma'aunin ASTM, wata ƙungiya mai tsara ma'aunin ingancin kaya. Jan nan mai lamba PR83 yana da kyau a ranar farko, amma yana kojewa, musamman in an shafa shi siriri.

Bututu shida sun wadatar: rawaya PY74 ko PY154, ja mai ɗaukar shunayya PR122, shuɗi PB29, shuɗi mai ɗaukar kore PB15, ruwan ƙasa PBr7, sai fari PW6 ga mai guwash, akirilik ko mai. Ba sai ka sayi baƙi ba, PB29 da PBr7 suna ba da toka mai kyau har zuwa kusan baƙi. PB15 ƙarfi gare shi, ɗan kan buroshi ya isa, in ba haka ba zai cinye duk haɗin. Fari ka sayi babban bututu, shi ke fara ƙarewa. Buroshi biyu na gashin roba, mai tsini lamba 8 da mai faɗin kusan santimita biyu, sai farin faranti na tangaran da kwalba biyu ta ruwa, ɗaya ta wanki, ɗaya mai tsabta ta haɗa launi.