Garin kunun masu ciki da na siya a WhatsApp, da abin da sikelin awo ya nuna

Ranar da na fara zuwa awo cikina wata uku da 'yan kwanaki, na hau sikeli nas ɗin ta leƙa ta ce in sauka in sake hawa, wai ko sikelin ne ke wasa da mu. Ba shi ba ne. Kilo 45. Kafin cikin 46 nake, laulayi ya cinye ɗaya, don na yi kusan sati shida ko ƙanshin albasa a mai na ji sai na kwasa a guje. Ni dama tun a gida tsinke ake ce min, ban taɓa ɗaukar abun da zafi ba, har daɗi nake ji kayana na 'yanmatanci suna shigata. Ranar ne na ji tsoro. Ta auna tsayina santimita 162, ta danna waya ta ce BMI ɗina, wato lissafin nauyi da tsayi, 17.5 ne a kan nauyina na kafin ciki, kuma duk abin da ya gaza 18.5 rama ce a wurinsu. Ta ɗauko tef ɗin nan na auna damtse ta naɗa min, 22, ta ce ƙasa da 23 ba sa so ga mai ciki.

"Ƙanwata," ta ce, "ke ba ki cikin waɗanda muke cewa su rage tuwo. Daga nan zuwa haihuwa ina son ki ƙara kilo 12 da rabi zuwa 18, daga wata na huɗu kusan rabin kilo duk sati." Na ce Sista ni da ban taɓa kai 48 ba a rayuwata? Ta ce ai ba jikinki kaɗai zai ɗauka ba, akwai jariri, akwai mabiyiya, akwai ruwan da yake kwance a ciki, ga jininki da zai ƙaru, ga nono. Abin da ake gudu shi ne a haifi yaro ƙasa da kilo 2.5 ko a haifi bakwaini. Daga baya na duba na ga lissafin na wata cibiyar likitoci ce ta Amurka tun 2009, mai matsakaicin jiki ita 11.5 zuwa 16 aka ce mata.

To kin san gida. Hajiya surukata ta ce ba komai ba ne rashin cin tuwo ne, "ke 'yar nan abinci kike ci kamar kyanwa". Wata ƙawata kuma ta ce me zai sa in wahalar da kaina, in je kemis kawai a haɗa min sha-ka-fashe sati biyu na ciko. Zan dawo kan wannan. Ana cikin haka na ga status ɗin wata mata da muke rukuni ɗaya, tana saida garin kunu a roba mai murfi ja, ta rubuta "na masu ciki da masu shayarwa da masu son ƙiba, kilo 5 a sati biyu da yardar Allah". Ba zan faɗi sunanta ba don akwai abin da zan yaba akwai wanda zan kushe, kuma sana'ar gida ce take rufa wa kanta asiri da ita. Na siyi roba ɗaya naira 5,000, kuɗin ɗan sahu daban.

Da na buɗe, abu na farko da ya burge ni ƙanshin ne, irin na gyaɗa da aka soya a yashi ta yi daidai ba ta ƙone ba, kuma a lokacin hancina ba ya ɗaukar raini, ko turaren maigida sai da aka kai shi mota. Garin launin ƙasa-ƙasa, laushi luƙui, an tankaɗe shi da kyau. Na tambaye ta me ke ciki, ba ta yi min rowar bayani ba: gero da dawa mudu shida, waken suya mudu uku, gyaɗa mudu ɗaya, sai dabino da 'yar citta da kanumfari, hatsin kuma daga Dawanau take saro shi. Nan na gane ashe Tom Brown ne, garin nan da ƙungiyoyin agaji ke koya wa mata haɗawa a Borno da Yobe saboda yara masu tamowa, ita dabino kawai ta ƙara da roba mai kyau. Ban ga laifinta ba, haɗin mai ma'ana ne, hatsin ya ba ki ƙarfi, waken suya ya gina jiki, gyaɗa ta kawo maiƙo.

Damun farko na ɓata shi. Na yi masa irin na koko, na kwaɓa na sheƙa tafasasshen ruwa, ya fito duk gudaji ga gafin wake, cokali biyu na yi na mayar da shi har da abincin safe. Na yi mata magana raina a ɓace, ta turo min murya tana dariya wai "Anti ai wannan dafa shi ake". Sai ki dama cokali uku ko huɗu da ruwan sanyi, ki zuba a tukunya ruwa na tafasa, ki rage wuta ki yi ta juyawa kamar minti goma har ya yi kauri ya fara ɓul-ɓul. To me ya hana a rubuta hakan a jikin robar? Babu komai a jiki sai lambar waya da hoton wata mata mai kumatu. Babu yadda ake damawa, babu ranar da aka yi shi, babu ranar lalacewa, lambar NAFDAC kuwa ba a ma maganarta. Wannan shi ne ƙorafina na ɗaya kuma har yau ba ta gyara ba.

In ya dahu dai yana da daɗi wallahi, ya fi kunun gyaɗa nauyi, bai kai fura cika ciki ba. Ni ina zuba madarar gari cokali biyu, wani lokaci in ƙara cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, suga ba na sawa don dabinon ya wadatar.

Kuskure na biyu ma nawa ne. Watan farko da safe nake shan kofi babba, sai ya zauna min a ƙirji har azahar, abincin rana in tsakura in ture, kinga kenan ban ƙara komai ba, musanya kawai na yi, na cire shinkafa na sa kunu. Da na koma awo kilo ɗaya tal na ƙara a sati huɗu. Ina kilo 5 ɗin da aka ce? Na zauna a benci kamar in yi kuka. Nas ɗin ta tambaye ni yadda nake sha, na faɗa mata, ta ce haba ƙanwata, ai wannan tsakanin abinci ake shigar da shi, ba a madadin abinci ba. Ta ce mai ƙaramin ciki irina cin sau uku ba zai kai ta ba, in raba shi sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan, kuma in daina cika ciki da ruwa kafin in fara ci. Ƙarin da jiki ke nema ma ba wani dutse ba ne, kusan kalori 340 a rana a tsakiyar ciki, kusan 450 a watanni ukun ƙarshe, wato kofin kunun nan da madara da dafaffen ƙwai ya kusa biya.

Kuma a wannan zuwan ne aka gano abin da kunu ba zai taɓa gyarawa ba. Gwajin jini ya nuna PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jini, 29 ne, jinina ya yi ƙasa, ga maleriya kwance a jikina ban sani ba, ni dai kasala nake ji da ɗacin baki ina cewa laulayi ne. Aka ba ni magani, aka fara ba ni Fansidar ɗin rigakafi da ake haɗiya a gaban nas, aka ce gidan sauro ba fashi. Maganin ƙarin jinin da nake ɓoyewa a ƙasan filo saboda yana tayar min da zuciya, ta ce in mayar da shi dare bayan na ci abinci, kuma in raba shi da shayi, don shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke ciki. Ni kuwa da shayi nake kora komai. Sati biyu da gama maganin maleriyar bakina ya buɗe, na fara jin yunwa irin ta gaske, wadda ke tada mutum ƙarfe uku na dare.

Daga nan tsarin ya zauna. Karin safe ƙosai ko ƙwai da burodi, ƙarfe sha ɗaya ƙaramin kofin kunun, rana abin da aka dafa a gida amma in tabbatar akwai wake ko kifi ko nama a ciki, la'asar awara ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ko ayaba da gyaɗa, dare tuwo, kafin in kwanta wani rabin kofin daga flas. Fura ma ina sha amma da yogot na kamfani ko nonon da na san an tafasa, don an gargaɗe ni kan ɗanyen nono, akwai cutukan da ke bi ta cikinsa su taɓa ciki. Sikeli ya fara motsi, wata kilo biyu, wani watan biyu da rabi. Hajiya ta ce ai ta faɗa, tuwo ne. Na bar ta a haka.

Roba bakwai na sha gaba ɗaya, kuma ba duka suka zo iri ɗaya ba. Ta uku ƙauri take, an bar waken ya ƙone. Ta biyar akwai ƙasa, kina sha kina jin ƙaras-ƙaras a haƙori, kuma can ƙasa-ƙasa akwai wani ɗaci irin na ruɓaɓɓiyar gyaɗa, wannan kam zubar da ita na yi, don gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai illa ga hanta wadda suya ba ta kashewa, ba zan yi caca da ita ina da ciki ba. A nan zan yaba mata, da na faɗa ba ta yi musu ba, ta ce yaran da suka taya ta tsinta ne suka yi ha'inci, ta aiko min da wata kyauta har kuɗin ɗan sahu ita ta biya. Saƙo tana amsawa da wuri, kawowa ce dai sai a hankali, in ta ce bayan azahar ki sa rai da magariba. Kuɗin ma ya tashi sau biyu kafin in haihu, amma wannan kowa ya san kasuwa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne lokacin da na yi mata ƙorafin kilo ɗayan nan na watan farko. Sai ta ce akwai "haɗi na musamman" da take wa amare, ana ƙara wani abu a ciki, in ina so ta sa min. Na ce mene ne abun? Ta ce sirrin sana'a ne, amma ba ya komai. Ta san ina da ciki fa. Na kai maganar wurin awo, nas ɗin ta ajiye biro ta ce kar in kuskura. Ta ce yawancin abin da ake kira sha-ka-fashe ƙwayoyi biyu ne, siproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da mura ne sai yake buɗe ciki ya sa barci, da deksametason, wanda ke tara ruwa a jiki ya kumbura fuska ya tada suga da hawan jini. Kumatun da kike gani ba lafiya ba ce, kumburi ne. Ga mai ciki kuma abin ya fi muni, don kumburin fuska da hannu da nauyin da ya hau farat ɗaya cikin 'yan kwanaki suna cikin alamun da suke dubawa na hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga, in kin sha ƙwaya kin kumbura kin rikita musu lissafi. Ban san me matar take sawa a nata haɗin ba tunda ta ƙi faɗa, kuma ƙin faɗar ya ishe ni dalili. Daga ranar duk odar da zan yi sai na rubuta mata "na gargajiya zalla, ba ƙari", har ta fara tsokanata da shi.

Ga wadda ke tambaya ko ya cancanci kuɗinsa, ni a wurina uku da rabi cikin biyar. Garin kansa abinci ne mai kyau, ya taimake ni sosai a lokacin da ba na iya tsayuwa gaban murhu in soya wake, kuma shi ne abu ɗaya da cikina bai taɓa ƙi ba bayan na iya dafa shi. Tallar ce ƙarya, babu garin da zai ba ki kilo 5 a sati biyu, in ma ya ba ki to asibiti za ki nufa. In kina da mai taya ki aiki, ki sayi hatsinki ki tsince gyaɗarki da hannunki ki kai inji, zai fi miki araha nesa ba kusa ba kuma kin san abin da ke ciki, ƙanwata ta yi min sau ɗaya da ta zo hutu, in ban da ta cika citta babu abin da ya raba shi da na siyarwa. In kuma siya za ki yi, ki tambayi ranar da aka niƙa, ki sinsina ki ɗanɗana kafin ki dama, ki sayi kaɗan-kaɗan don mai gyaɗa ba ya son daɗewa a zafin nan namu. Mai ciwon suga ko wadda aka ce sugarta ta hau da ciki, ta fara nuna wa likita, dabinon ciki ba kaɗan ba ne.

Awon ƙarshe a sati na 38 na hau sikeli 58, wato 12 na ƙara a kan nauyina na asali, rabin kilo ya rage in taɓa layin da aka ja min, nas ɗin ta ce ta yafe min shi. Yarinya ta zo da kilo 2.9. Yanzu muna jego, Hajiya ta kafa min tukunyar kunun kanwa safe da yamma ta ce na roba na 'yan boko ne, ni kuma in ta shiga sallar walaha sai in dama nawa a ƙaramar tukunya, jiya ma na kama ta tana lasar ludayin.