EducationUSA da Mai Neman Kuɗin Digiri na Uku a Amurka: Inda Hidimar Take da Ƙarfi da Inda Take Tsayawa

Malamin jami'a ko ɗalibin da ya kammala digiri na biyu yake hangen na uku a Amurka yakan tarar cewa samun gurbin karatu ya fi samun kuɗin karatun sauƙi, kuma tambayar da take cin lokacinsa ita ce wane tallafi aka yarda ɗan wata ƙasa ya nema, wanne ne kuma aka rufe masa tun kafin ya ɗauki alƙalami. Da wannan ma'auni kaɗai na auna hidimar EducationUSA, wato cibiyoyin ba da shawara kan karatu da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka take kula da su, waɗanda yawansu ya haura 430 a ƙasashe sama da 175. A Najeriya manyan cibiyoyin suna Abuja da Legas, akwai a Yamai, akwai kuma a Accra da Kumasi. Bayanan da ke shafinsu na intanet da tarukan wayar da kai da suke yi wa jama'a kyauta ne, kuma jami'o'in da hukuma ta tantance kaɗai suke magana a kansu, abin da ya riga ya bambanta su da dillalan da suke karɓar kuɗi su haɗa mutum da makarantar da ba a san asalinta ba.

Sun tsara shawarwarinsu a matakai biyar: binciken jami'o'i, neman kuɗi, cike takardun nema, neman biza, da shirin tafiya. Mataki na biyu ne ya shafe mu, kuma a nan ne na fi ganin amfanin hidimar, domin tana faɗa wa mutum gaskiyar da ba ya son ji da wuri. Manyan tallafin da gwamnatin tarayyar Amurka take bai wa ɗaliban digiri na uku, waɗanda sunayensu suke yawo a intanet har mutum ya ɗauka da shi ake, yawancinsu na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Tallafin hukumar kimiyya ta NSF, wanda yake biyan alawus na dala 37,000 a shekara har tsawon shekara uku, ba ya karɓar mai bizar ɗalibi komai kyawun sakamakonsa. Haka tallafin horo na hukumar lafiya ta NIH. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne FLAS, tallafin koyon harsunan waje: Ba'amurken da yake koyon Hausa a jami'a ya kasance yana iya samunsa a shekarun baya, amma Bahaushen da ya zo daga Kano ko Damagaram, wanda wataƙila shi ne yake koyar da shi, ba ya cikin waɗanda suka cancanta. Mutum ya san wannan tun farko, ya huta da ɓata watanni yana rubuta takardun da ba wanda zai karanta.

To, ina kuɗin baƙo yake? Yana hannun sashen da zai yi karatu a cikinsa. A mafi yawan jami'o'in bincike, sashen da ya ɗauki ɗalibin digiri na uku yakan haɗa masa gurbin da wani tsari na tallafi, galibi na shekara huɗu ko biyar, wanda ya ƙunshi yafe kuɗin makaranta, da alawus na wata-wata, da inshorar lafiya ko wani kaso nata. Tallafin yakan zo ta hanya uku. Akwai kyautar jami'a wadda ba a neman ɗalibi ya yi wani aiki a madadinta, ita ce mafi daraja kuma mafi ƙaranci, sau da yawa ta shekarar farko ce ko ta shekarar rubuta kundi. Akwai aikin mataimakin bincike, da suke kira RA, inda farfesa yake biyan ɗalibi daga kuɗin binciken da ya samo, abin da ya fi yawa a kimiyya da injiniyanci. Sai kuma aikin mataimakin koyarwa, TA, inda ɗalibi yake jagorantar ƙananan azuzuwa na 'yan digiri na farko, ya kula da ɗakin gwaji, ya duba jarrabawa. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin tallafi a fannonin harshe, tarihi, zamantakewa da lissafi, kuma a yawancin sassa ba a cike masa wata takarda dabam: takardar neman gurbi ita ce ta neman tallafi, muddin ta isa kafin wa'adi, wanda yakan faɗo a watan Disamba ko Janairu. EducationUSA tana nanata batun wa'adin nan, kuma ta yi daidai, domin wanda ya makara yana iya samun gurbi alhali kason kuɗin shekarar an riga an raba.

Sharuɗɗan cancantar aikin koyarwa su ne suka fi buƙatar dogon bayani, kuma a nan hidimar take fara yin taƙaitawa fiye da yadda mai digiri na uku yake buƙata. Mai bizar ɗalibi ta F-1 doka ta ƙayyade masa awa 20 a mako na aiki a harabar jami'a yayin da ake zangon karatu, kuma cikakken aikin mataimakin koyarwa yakan cinye waɗannan awoyi gaba ɗaya, ma'ana ba shi da damar ƙara wani aiki ya cike giɓin aljihu. Dole ne ya kasance ɗalibi na cikakken lokaci, ya riƙe matsakaicin maki da bai gaza 3.0 cikin 4.0 ba a yawancin jami'o'i, kuma sashe ya gamsu cewa bincikensa yana tafiya, in ba haka ba a ƙi sabunta masa aikin a shekara mai zuwa. Sannan ga batun Turancin baki. Jami'o'i da dama suna yafe wa 'yan Najeriya da Ghana jarrabawar Turanci ta TOEFL wajen ba da gurbi, sai ɗalibi ya ɗauka an gama, alhali tsayawa gaban aji yana da nasa sharaɗi dabam, domin wasu jihohi ma doka suka yi cewa sai an tabbatar ɗalibai za su fahimci maganar mai koyar da su. Ana iya neman babban maki a sashen magana na jarrabawar, ko a yi wa mutum gwajin baki bayan ya iso. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci a Nijar, Chadi ko arewacin Kamaru ya kamata ya ɗauki wannan da muhimmanci ninki biyu.

Akwai kuma abubuwan da sai an karanta wasiƙar tayin tallafi layi-layi ake gani, waɗanda taron gama-gari ba ya iya shiga cikinsu. Alawus ɗin mataimakin koyarwa sau da yawa na wata tara ne, sai hutun bazara ya zo babu albashi ga haya tana jira. Yafe kuɗin makaranta ba lallai ya haɗa da ƙananan kuɗaɗen da jami'a take ɗorawa kowane zango ba. Alawus ana cire masa haraji, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Najeriya da za ta rage wa ɗalibi wannan nauyi, ko da kyauta ce marar aiki, ana riƙe kashi 14 cikin ɗari na abin da ya wuce kuɗin makaranta. Kalmar "tabbataccen tallafi" da ta "ana sa ran tallafi" kuwa nisan da ke tsakaninsu ya kai na kuɗi a hannu da bashi a bakin kasuwa. A ganina mai shawara na EducationUSA, wanda yake hidimar ɗaliban sakandare da na digiri na farko da na biyu a lokaci guda, ba zai iya sanin al'adar kowane sashe ba, kuma ba adalci ba ne a nemi haka daga gare shi. Waɗannan tambayoyi sai dai a kai su ga jami'in da yake kula da manyan digirori a sashen, da kuma ɗaliban da suke can a halin yanzu. Abin da za a tuna shi ne, ɗaruruwan jami'o'in Amurka sun amince da ƙa'idar cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba, saboda haka akwai lokacin kwatanta tayi da tayi, har da neman ƙari cikin ladabi.

Wani ɓangare na hidimar da ya cancanci yabo shi ne shirin Opportunity Funds, wanda yake ɗaukar nauyin kuɗaɗen farko ga haziƙan ɗalibai marasa ƙarfi da ake kyautata zaton za su sami cikakken tallafi: kuɗin jarrabawa, na takardun nema, na biza da tikitin jirgi. Waɗannan su ne suke tsayar da mutane da yawa, domin kuɗin rajistar SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, shi kaɗai dala 350 ne, na neman biza dala 185, ban da abin da kowace jami'a take karɓa kafin ta duba takarda, duk kuwa da halin da naira take ciki. Guraben shirin kaɗan ne, gasar kuma mai zafi ce. Cibiyoyin suna kuma bayar da bayani kan Fulbright, shirin musayar ɗalibai da malamai na gwamnatin Amurka, kuma yana da kyau malami ya gane cewa shirin da aka saba bai wa 'yan Najeriya masu digiri na uku na zuwa bincike ne na wasu watanni ga wanda ya riga ya yi rajista a jami'ar gida, da bizar J-1 mai sharaɗin komawa gida shekara biyu. Shirin Fulbright na mataimakan koyar da harsuna, wanda Hausa take cikinsa, shi ma na shekara ɗaya ne ba tare da digiri ba, ko da yake yana ba mutum damar sanin malamai da sassa ido da ido.

Nisa matsala ce ta gaske ga ɗan Arewa. Wanda yake Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi zai fi dogara da tarukan intanet, kuma ingancin abin da zai samu ya danganta da ƙarfin sadarwarsa da yadda ya iya tsara tambaya. Wanda ya zo da jerin sassa takwas ko goma da ya riga ya bincika, da sunayen malaman da bincikensu ya yi daidai da nasa, zai amfana ƙwarai, wanda kuwa ya zo yana cewa a nemo masa sikolashif zai koma da takardun bayani kawai.

Abin da ya fi kowane sharaɗi nauyi yanzu shi ne biza, kuma wannan ba ya hannun masu shawara. A zangon karatu na 2023/2024 ɗaliban Najeriya a Amurka sun kai 20,029, amma a watan Yunin 2025 aka hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Yuli aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, sannan a Disamba aka sanya Nijar cikin ƙasashen da aka hana baki ɗaya, Najeriya kuma cikin waɗanda aka dakatar wa sabuwar bizar ɗalibai. Wannan ya zo ne bayan TETFund, hukumar da take tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025. Saboda haka, kafin a biya kuɗin jarrabawa ko na takardar nema ko ɗaya, tambayar farko da za a kai wa cibiyar ita ce matsayin bizar ƙasar mutum a ranar, ta biyu kuma a kai wa sashen: idan aka ba da tayin tallafi bizar ba ta fito ba, shin za a ɗage gurbin tare da kuɗinsa zuwa shekara mai zuwa, ko kuwa gurbin kaɗai za a ajiye a sake shiga gasar tallafi daga farko.