Ofishin da ya shirya mana tafiya Yankari: inda suka iya da inda suka gaza

Ofishin ƙarami ne a cikin garin Sakkwato, kuma yawancin aikinsu tikitin Umra ne da biza. Shirya tafiyar kallon namun daji sabon abu ne da suka ƙara. Ni da maiɗakina da yara muka bi ta hannunsu, duk cikinmu ba wanda ya taɓa ganin giwa in ba a talabijin ba.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne ba su yi saurin karɓar kuɗi ba. Mai ofishin, wani dattijo mai yawan raha, sai da ya tambaye ni abin da nake son gani. Na ce zaki. Ya yi dariya ya ce, "Malam, daji na, ba gidan zu ba na. Kowa yac ce maka tabbas za ka ga zaki, kuɗinka yaka so." Daga nan ya baje mini zaɓin da ke akwai.

Kenya ce ya fara ambata, wato Masai Mara, inda garken namun daji ke ƙetarowa daga Tanzaniya tsakanin Yuli da Oktoba. Da ya faɗi kuɗin jirgi kaɗai, maiɗakina ta taɓa ni da ƙafa, muka wuce wannan babi. Raƙuman dawa na Kure da ke kusa da Yamai a Nijar, shi da kansa ya ce kada mu fara, saboda tsaro, tun harin da aka kai wurin a 2020. Sai Sumu a jihar Bauchi, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya. Can ganin dabba ya fi sauƙi, kuma ya dace da mai ƙananan yara da ke son hoto. Amma ya ce in daji na gaske nake so, Yankari ce.

Gaskiyarsa. Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama ta gwamnatin tarayya a 1991, sannan ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. A irin wannan fili, dabba ba ta san ka biyo hanya tun daga Sakkwato ba. Saboda haka shawarar da ofishin ya ba mu kan lokaci ta fi komai amfani. Ya hana mu zuwa da damina, lokacin da ciyawa ta rufe ko'ina kuma kowane kwari na da ruwa, dabbobi sun watse. Ya ce mu jira rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ƙishirwa ke tara su a bakin kogin Gaji.

Sai zaɓi na biyu, wanda masu zuwa karon farko ba su cika kula da shi ba: wace mota, kuma wane lokaci. Akwai babbar mota buɗaɗɗiya da ake cika ta da jama'a, akwai kuma ƙarama da iyali za su ɗauka su kaɗai da ɗan jagora. Mun gwada duka biyun. Babbar ta fi araha, kuma daga samanta ana hango nesa. Illarta mutane. Mun faɗa tare da ɗalibai 'yan yawon buɗe ido, wannan na waƙa, wancan na ɗaukar kansa bidiyo, ko gwanki ya hango mu daga nesa sai dai mu ga ƙurarsa. In aljihu zai ɗauka, ka ɗauki ƙaramar, ka kuma fita da sassafe bayan asuba.

A fitar safen ne ɗan jagora ya sa direba ya kashe mota. Ya nuna mana kashin giwa a tsakiyar hanya, bai ko bushe ba, da wani reshe da aka karya, ɓawonsa a saluɓe. Ya ɗora yatsa a baki. Muka yi tsit har ƙaramar 'yata ta fara ƙosawa. Can sai ƙarar karyewar itace, sai ga giwaye suna ratsa hanya, uwa a gaba, ɗan ƙarami na bin gindinta yana tuntuɓe. Kafin mu koma mun ga ɓauna da gwambaza, da kada kwance a gaɓa. Zaki kuwa ko sawunsa.

Wannan ne dalilin da ba zan ba kowa shawarar zuwa ya juyo a yini ɗaya ba. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin Yankari, ya haura kilomita 100, kuma ko ka shiga ƙofa akwai sauran tafiya mai nisa a cikin daji. Wanda bai kwana ba, da rana tsaka zai iso, lokacin da dabbobi suka shige inuwa. Maɓuɓɓugar ruwan Wikki kuma, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa, ta isa a kwana dominta.

To, inda ofishin ya gaza. Motar da suka sama mana daga Sakkwato ba ta da lafiyar doguwar tafiya, na'urar sanyaya ta mutu tun kafin Gusau, ga hanyar da ba a son dare ya riski mutum a kanta. Takardar da suka ba mu ta ce "an biya komai", ashe kuɗin motar shiga daji ba ya ciki, sai da na sake zura hannu aljihu. Da na kira su, yaron ofis ya ce oga ya fita. Kuma ba wanda ya gargaɗe mu kan gwaggon biri. Suna yawo a sansanin tare da gadu, ba sa tsoron mutum, ledar kilishin da muka taho da ita a hannun ɗana suka fizge ta, yana ihu suna rabo.

Zan sake bi ta hannunsu, don dattijon ya san abin da yake faɗa. Sai dai motar ni zan nemo da kaina, kuma sai an rubuta mini abin da kuɗina ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, da sa hannun oga, ba na yaronsa ba.