Sharhi kan bugun Baibul na God Bless the USA a matsayin littafin aji

Wannan bugu na Littafi Mai Tsarki, wanda Donald Trump ya tallata a watan Maris na 2024 a kan dala 59.99, ya sake shiga bakin duniya bayan da Ryan Walters, shugaban hukumar ilimi ta jihar Oklahoma da ke Amurka a lokacin, ya umarci makarantun gwamnati su riƙa koyar da Baibul daga aji 5 zuwa aji 12, sannan hukumarsa ta sayi kofi fiye da 500.

Ta fuskar ido ba shi da laifi, domin an zana tutar Amurka a jikin bangonsa, an kuma liƙa kundin tsarin mulkin ƙasar da takardar ayyana 'yancin kai a ƙarshensa. Sai dai fassarar Sarki James ce, wadda aka fara bugawa a 1611, kuma Turancinta ya tsufa har malamai ma sai sun yi da gaske kafin su warware shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, nassin tsurarsa aka kawo shi, babu sharhin da malami zai dogara da shi. Ɗan shekara 10 da ya buɗe sura ta 7 ta Waƙar Waƙoƙi, ɗaya daga cikin littattafan Baibul, zai tarar ana yabon cinyoyin amarya da cibiyarta da ƙirjinta, alhali malaman Yahudawa da na Kirista sun daɗe suna fassara waƙar a matsayin misalin ƙaunar Ubangiji ga jama'arsa. Wa zai yi masa wannan bayani? Malamin tarihi, wanda ba a horar da shi a kan tafsiri ba, ko dai ya tsallake shafin cikin kunya, ko ya tsoma baki a aƙida, abin da kotunan Amurka suka hana makarantun gwamnati. Haka sura ta 23 ta littafin Ezekiyel, wadda ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba.

Ba sabon rikici ba ne. A 2023 gundumar Davis ta jihar Utah ta janye fassarar Sarki James daga ƙananan makarantu bayan koken wani daga cikin iyaye, kafin ta mayar da ita da jama'a suka yi ca.

A ganina, baligi mai karatu a gida ko a majami'a zai iya amfana da wannan bugu, ko da yake akwai bugu masu sharhi da suka fi shi araha. Makarantar da ta nace sai ta koyar da nassin, gara ta nemi zaɓaɓɓun surori masu bayani daidai da shekarun ɗalibai.